Titter: Tambayoyi da Amsoshi kan Sunan Dariyar Fargaba a Turanci

Duk wanda ya taɓa tsayawa gaban shugaban makaranta ana zazzaga masa faɗa, ko ya zauna a zaman makoki kowa ya yi jugum, sai ya ji wata 'yar dariya tana taso masa daga ciki alhali babu abin dariya a wurin, ya san abin da ake magana a kai. Ba nishaɗi ne ya kawo ta ba, kuma da zarar ta fita mai ita ne farkon jin kunya. Masu koyon Turanci da masu aikin fassara sukan so su san sunan wannan dariyar a bakin Turawa, da inda sunan ya samo asali.

Wace kalma ce ake kiran dariyar fargaba da ita a Turanci?

In kalma ɗaya tak ake nema, babu wadda ta kai *titter* kusa. Ƙamus ɗin Merriam-Webster na Amurka ya fassara ta da yin dariya cikin fargaba, ko cikin iyayi, ko kuma dariyar da aka danne amma ba ta dannu gaba ɗaya ba. Tana zuwa a matsayin aikatau, tana kuma zuwa a matsayin suna: mutum yana iya yin *titter*, ana kuma iya jin *a titter* ta ratsa ɗakin taro.

Sai dai a hirar yau da kullum ba ita ce ta fi saurin zuwa bakin Bature ba. Yawanci kalma biyu yake haɗawa, ya ce *nervous laughter* ko *nervous giggle*. Ita *titter* ta fi zama a rubutu, a cikin labaran ƙirƙira da rahoton jarida, kuma ta fi jin daɗin zama a Birtaniya fiye da Amurka.

Yaya ake furta ta?

Mutumin Landan zai ce "tita", ya haɗiye harafin ƙarshe. Ba'amurke kuwa zai sassauta "t" ta tsakiya har ta yi kama da "d", ya kuma fito da "r" ɗin ƙarshe, sai ka ji kamar "tidar". A duka biyun gaɓar farko ake dannawa.

Daga ina ta samo asali? Daga Latin ne ko Faransanci?

Ba ɗaya daga ciki. Turanci ya kwashi dubban kalmomi daga waɗannan harsuna biyu, amma wannan 'yar gida ce, kuma abin da manyan ƙamusoshi suka fi karkata gare shi shi ne daga sautin dariyar kanta aka ƙera ta. Ka gwada danne dariya da haƙora a haɗe, harshe a bayansu. Iskar da za ta riƙa tsiyayowa "ti-ti-ti" za ta yi. Wannan sautin aka kama aka mai da shi kalma.

An fara ganin ta a rubuce a farkon ƙarni na 17. A matsayin aikatau ta fara fitowa, sunan kuma ya biyo baya a ƙarni na 18. Amma shekarar da aka fara rubuta kalma ba ita ce ranar haihuwarta ba. Irin waɗannan kalmomi sukan daɗe a bakin yara da 'yan kasuwa kafin wani mai alƙalami ya ga sun isa shiga takarda.

Samuel Johnson, wanda ya fitar da shahararren ƙamus ɗinsa a Landan a 1755, ya sa ta a ciki. Ya ce ma'anarta yin dariya cikin kamewa, ba tare da ƙara mai yawa ba. Da ya zo kan asalinta kuwa sai ya rubuta cewa a zatonsa daga sautin aka gina ta. Shekara sama da 250 ke nan, kuma har yau masana ba su matsa nesa da inda ya tsaya ba.

Kwaikwayon sautin dariya a rubutun Turanci ya ma girmi wannan kalma da fiye da shekara 200. Geoffrey Chaucer, a cikin The Canterbury Tales da ya rubuta a ƙarshen ƙarni na 14, ya kawo wata matar kafinta da ta yi wa wani mai nacin sonta wulaƙanci ta taga da dare. Da ta gama sai ta ce "tehee", ta rufe tagarta. Har gobe Turawa suna rubuta *tee-hee* in suna son nuna 'yar dariyar shaƙiyanci.

In daga "ti-ti" aka samo ta, mene ne aikin "-er" da ke ƙarshe?

Nan ne abin ya fi ba ni sha'awa, domin Bahaushe ya fi Baturen kansa saurin gane shi.

Da yawa suna ɗauka "-er" ɗin nan irin ta *teacher* da *driver* ce, mai nuna wanda ke yin aiki. Ba ita ba ce. Wata tsohuwar ɗafa-ƙeya ce da Turanci ke liƙa wa aikatau don ya nuna aikin ƙarami ne, kuma ana yin sa a kai a kai. Ita ce a *mutter*, da *stutter*, da *glitter*, da *flutter*, da *chatter*. Tana da 'yar'uwa, "-le", wadda ke aiki iri ɗaya a *giggle*, da *cackle*, da *sparkle*. Bature na yau ba ya ƙera sabbin kalmomi da su kamar da, shi ya sa yawancinsu ba sa ma lura akwai wani abu a wurin.

To, dubi yadda Hausa ke faɗin waɗannan abubuwa. *Mutter* shi ne gunaguni. *Stutter* in'ina. *Glitter* ƙyalƙyali. *Flutter* fuffuka. Kowace ɗaya ninki ce. Abin da Turanci ke yi da 'yar wutsiya a ƙarshen kalma, Hausa da maimaita gaɓa take yin sa, kuma namu yana nan da ransa: ka buga sau ɗaya, ka bubbuga sau da yawa, ka yanka, ka yayyanka. Ko a fagen dariyar ma haka ne. Ba mu ce yarinya ta "ƙyala" dariya ba, ƙyalƙyalawa ta yi, ko ta ƙyaƙyata.

Wannan ba dangantaka ba ce tsakanin harsunan biyu, Hausa da Turanci ba gidansu ɗaya ba. Kunnen ɗan Adam ne ɗaya. Abin da ke zuwa guntu-guntu, baki yakan so ya faɗe shi guntu-guntu. Saboda haka tun a gininta, *titter* tana gaya maka ba dariya ce mai fashewa lokaci ɗaya ba. Yanki-yanki take fita, kamar ruwan da ke ɗiga daga tulun da ya tsage.

Na ji an ce tana da alaƙa da rawar jiki. Gaskiya ne?

Akwai wata tsohuwar kalma mai siffa iri ɗaya a Turancin da, mai nufin tangaɗi ko rangaji. Ita ce ta haifi *teeter*, kuma a wasu yankunan Ingila da ita ake kiran lilon katako da yara biyu ke hawa, wannan ya yi sama wancan ya yi ƙasa: *titter-totter*. Ana danganta ta da *titra* ta tsohon harshen mutanen arewacin Turai, mai nufin karkarwa, wadda kuma 'yar'uwar *zittern* ce ta Jamusanci, mai ma'ana ɗaya.

Wasu masu bin diddigin kalmomi suna ganin ta dariyar daga nan ta ɓullo, tun da mai danne dariya kafaɗunsa rawa suke yi. Manyan ƙamusoshi kuwa sun raba su gida biyu, suka bar ta dariyar a kan kwaikwayon sauti. Ni a ganina ko da ba uwa ɗaya ta haife su ba, zaman maƙwabtaka ya sa sun shafi juna. Kalmar da ta yi kama da karkarwa a kunne ba za ta yi wuyar zama sunan dariyar mai jin tsoro ba.

Tun farko ma'anar fargaba take ɗauke da ita?

Abin da ke tsakiyar ma'anarta tun farko shi ne dannewa. Dalilin dannewar kuwa yana iya zama tsoro, yana iya zama kunya, yana iya zama raini da ake ɓoyewa. Mawaƙi Alexander Pope, a kashi na huɗu na waƙarsa The Dunciad da ya fito a 1742, ya yi amfani da ita ga wasu samari 'yan gayu masu ado da suka kutso cikin taro suna 'yar dariya suka ture malamai gefe. Waɗannan ba tsoro suke ji ba, iyayi ne da raini. Johnson ma wannan baitin ya ɗauko ya kafa hujja da shi a ƙamus ɗinsa, kuma bai ambaci fargaba ba ko kaɗan.

Akwai dalilin da ya sa ba zai ambata ba. A zamaninsa ita kanta *nervous* ba ta gama zama abin da take nufi yau ba. Tushenta *nervus* ne na Latin, kuma *nervus* daidai take da jijiya a Hausa: ta ƙarfin dantse da ta saƙon ƙwaƙwalwa duk suna ɗaya. Don haka da can in an ce mutum *nervous* ne, yabo ne, ana nufin ƙaƙƙarfa mai jijiya. Har salon rubutu mai ƙarfi akan yaba da ita. Likitocin ƙarni na 18 ne suka juya ta. George Cheyne ya fitar da littafinsa The English Malady a 1733 a kan cututtukan jijiya da ya ce sun addabi masu hali a Ingila, daga nan kalmar ta fara nufin mai raunin jijiya, sannan mai saurin firgita. Johnson ya kawo ma'anar ƙarfi a gaba, ta raunin kuwa ya jefa ta a ƙarshe, ya ce yaren likitoci ne. Yau ma'anar da ya raina ce ta cinye gida, ta ƙarfin ta mutu.

Mene ne bambancinta da sauran kalmomin dariya na Turanci?

Wadda aka fi rikita ta da ita ita ce *giggle*, wadda ta girme ta da kimanin shekara 100, tun wajen 1500 ake rubuta ta. *Giggle* ta fi sakin jiki. Ita ce ƙyalƙyalar yara in ana yi musu cakulkuli, ko ta 'yanmata a ɗakin amarya. Tana iya zama ta fargaba, amma sai an faɗa. *Titter* kuwa ko ba a faɗa ba, akwai wanda ake jin nauyi a wurin.

*Snigger* a Birtaniya, ko *snicker* a Amurka, ita ma dannanniya ce, amma da ƙeta a cikinta: wani ake yi wa a bayan idonsa. *Chuckle* ta dattawa ce, ƙasa-ƙasa cikin maƙogwaro, ta wanda abu ya yi wa daɗi, ko da yake a ƙarshen ƙarni na 16 babbar dariya take nufi kafin ta lafa. *Guffaw* daga Sukotlan ta zo a ƙarni na 18, ita ce ɓaɓɓaka dariya baki buɗe. *Chortle* kaɗai ce aka san wanda ya ƙera ta: Lewis Carroll, a littafinsa Through the Looking-Glass na 1871, inda ya gwama *chuckle* da *snort*.

Ko uwarsu duka, *laugh*, daga sauti ta fito. A tsohon Turanci ana rubuta ta da "hl" a farko, kuma "gh" ɗin da ake furtawa "f" a yau, da can daga maƙogwaro yake fita kamar harafin خ na Larabci. Jamusawa sun riƙe wannan sautin a *lachen*.

Tana da dangantaka da Twitter?

Dangantakar gini kawai. *Twitter* kukan ƙananan tsuntsaye ne, tana nan tun zamanin Chaucer, ita ma kwaikwayon sauti ce da waccan "-er" ta maimaici. Daga nan kamfanin da aka kafa a 2006 ya ɗauki sunansa da tambarin tsuntsu, kafin a mai da shi X a 2023. Haka kuma kada a haɗa ta da *titer* ko *titre* da ake gani a takardar gwajin jini. Wannan daga Faransanci take, awo take nufi.

Ashe ba ita ce dariyar yaƙe ba?

Wannan ita ce fassarar da ta fi saurin zuwa, kuma a nan nake ganin masu fassara suka fi zamewa.

Yaƙe abu ne da mutum ke yi da gangan. An gaya maka magana mai zafi a gaban surukai, ba halin ka mayar, sai ka buɗe haƙora don kada a ga cikinka. An ba wani abin da kake nema, ka je taya murna, ka yi yaƙe. Fuska ce ka ɗora a kan fuskarka. Sau da yawa ma ba sauti, haƙora ne kawai a waje. Turanci yana da nasa sunayen wannan: *forced smile*, *forced laugh*, wani lokaci *grimace*. Mai amfani da waya ya san hotonsa, 😬, yaƙe ne tsantsa.

*Titter* ta fargaba kuwa kishiyar haka ce. Mai yaƙe yana ƙoƙarin fito da dariyar da babu. Mai *titter* yana ƙoƙarin mai da wadda ta riga ta taso. Na farko shi ke riƙe da linzami, na biyu linzamin ne ya suɓuce masa. Hausa ba ta rasa yadda za ta faɗi wannan ba, sai dai ba da suna ɗaya ba, da aikatau take faɗa: dariya ta kuɓuce masa, dariya ta ƙwace mata, suna ta ƙunshe dariya, ya guntse dariyarsa. Lura da wanda ke aikin a jimla biyun farko. Ba mutumin ba ne, dariyar ce. Wannan ginin ya fi kowace kalmar Turanci faɗin gaskiyar yadda abin yake a jiki.

Na taɓa ganin haka a aji muna yara. Malami ya kira wani ɗan ajinmu gaba zai yi masa bulala, aji ya yi tsit, sai yaron da kansa ya saki 'yar dariya. Malamin ya ɗauka raini ne ya ƙara masa biyu. Da muka fita tara muka tambaye shi abin da ya ba shi dariya, ya rantse bai sani ba, shi dai ƙafafunsa rawa suke yi. Ba yaƙe ya yi ba. Da yana da iko da fuskarsa a lokacin, marairaicewa zai yi.

Inda suka haɗu shi ne ɓangaren iyayi. In fadawa suka yi 'yar dariya don mai gida ya yi barkwancin da bai ba kowa dariya ba, Bature zai iya cewa sun yi *titter*, mu ma mu ce yaƙe suka yi. A nan fassarar ta zauna daidai.

Me ke sa mutum dariya alhali tsoro yake ji?

Shaidar da aka fi kawowa daga Jami'ar Yale take, a Amurka. A 1961 wani masanin halayyar ɗan Adam, Stanley Milgram, ya fara gwajin da ya shahara da shi a kan biyayya. Aka kawo maza 40 ɗaya bayan ɗaya, aka zaunar da kowanne gaban wata na'ura mai maɓallai 30, masu nuna ƙarfin wutar lantarki daga bolt 15 har zuwa 450. Aka ce masa duk lokacin da wani mutum da ke ɗaure a ɗaki na gaba ya kasa amsa tambaya, ya sakar masa wutar lantarki, kuma kowane kuskure a ƙara ƙarfinta. Wutar ta ƙarya ce, mutumin da ke ɗaure ma da shi aka shirya, amma masu danna maɓallin ba su sani ba. Mutum 26 suka bi umarni har maɓalli na ƙarshe.

Abin da ya shafe mu shi ne wani abu da Milgram ya rubuta a rahotonsa na 1963. Mutanen suna gumi, suna karkarwa, suna cizon leɓe, kuma 14 daga cikinsu sun riƙa murmushi da dariyar fargaba. Uku dariyar ta kama su har suka kasa tsai da ita. Ɗaya, mai shekara 46, ta turnuƙe shi har sai da aka dakatar da gwajin. Da aka zauna da su bayan an gama, sun dage suna bayanin cewa su ba mugaye ba ne, kuma dariyar ba ta nufin sun ji daɗin abin da suke yi.

Tun kafin Milgram an lura da haka. Herbert Spencer, a wata maƙala ta 1860, ya ce in tashin hankali ya taru a jiki dole ya nemi mafita, kuma tsokokin baki da na numfashi su ne hanya mafi sauƙi. Charles Darwin ya ɗauki wannan bayanin a littafinsa na 1872 a kan yadda mutum da dabba ke nuna abin da ke ransu. Ya kawo labarin sojojin Jamus lokacin da suka yi wa birnin Paris ƙawanya, cewa bayan sun fito daga mummunan haɗari, ɗan barkwanci kaɗan sai ya sa su kece da dariya. Ya kuma lura cewa mutane kan yi dariya don rufe kunya ko fushi. Wato Darwin ya ga iri biyun nan da muka rarrabe a sama, wadda ke kuɓucewa da wadda ake ɗorawa.

Masana na baya-bayan nan sun fi kallon dariya a matsayin saƙo ga na kusa. Robert Provine na Jami'ar Maryland ya sa aka bi mutane a kasuwanni da bakin hanya aka rubuta dariya 1,200 da abin da aka faɗa kafin kowace. Ya tarar mafi yawansu ba barkwanci ne ya jawo su ba, maganganu ne na yau da kullum, kuma mutum ya fi yin dariya cikin jama'a sau 30 a kan in yana shi kaɗai. Likitan ƙwaƙwalwa V. S. Ramachandran kuma ya kawo ra'ayin cewa asalin dariya sanarwa ce ga 'yan'uwa cewa abin da aka tsorata da shi ba komai ba ne. In haka ne, mai dariyar fargaba yana shelar "lafiya lau" ne tun lafiyar ba ta samu ba, ko jikinsa ya yarda ya kwanta. Wannan ra'ayi ne, ba abin da aka auna aka tabbatar ba, amma ya dace da yaron nan na ajinmu.

Akwai suna na daban in abin ya sami ɗan wasa ko mai karanta labarai?

Akwai, kuma sunan da kansa abin dariya ne. 'Yan wasan daɓe a Birtaniya suna cewa *corpsing*, daga *corpse*, gawa. Bayanin da aka fi yaɗawa shi ne babu lokacin da dariya ta fi muni ga ɗan wasa kamar lokacin da ya fito a matsayin gawa, yana kwance jama'a na kallon cikinsa yana motsi.

Misalin da mutanen Birtaniya ba sa mantawa ya faru ne a gidan rediyon BBC a watan Maris na 2008. Charlotte Green, mai karanta labarai da aka sani da natsuwa, ta gabatar da wani sauti da aka naɗa a Faransa tun 1860, wanda aka ce shi ne muryar ɗan Adam mafi tsufa da aka taɓa naɗa. Wani abokin aiki ya raɗa mata cewa kamar ƙudan zuma ne a cikin kwalba. Labari na gaba kuwa na mutuwa ne, rasuwar marubucin fim Abby Mann. Tana cikin karantawa dariya ta ƙwace mata, ta yi ta kokawa da ita a kunnen miliyoyin masu sauraro. A nan akwai abin dariya na gaske da ya kunna wutar, amma abin da ya rura ta shi ne sanin cewa nan ne wurin da bai kamata a yi ba.

Yaushe irin wannan dariya take zama ciwo?

In ta zo lokacin tashin hankali ta wuce, ba ciwo ba ce. Amma akwai larurar da likitoci ke kira *pseudobulbar affect*, inda dariya ko kuka ke ɓarke wa mutum ba tare da sun dace da abin da ke ransa ba, kuma ya kasa tsayar da su. Takan biyo bayan shanyewar ɓarin jiki, ko buguwa a ka, ko wasu cututtukan ƙwaƙwalwa. Akwai kuma wani nau'in farfaɗiya da ba a cika samu ba, wanda dariya ce alamarsa, yawanci tun ana yara yake farawa. Wanda ya ga haka ga ɗan'uwansa, musamman bayan ciwo ko haɗari, asibiti ya kamata ya kai shi.

Takan ma zama ta jama'a. Ranar 30 ga Janairun 1962, a makarantar kwana ta 'yanmata da ke ƙauyen Kashasha kusa da Bukoba, a ƙasar Tanganyika wadda yau take cikin Tanzaniya, ɗalibai uku suka fara dariya suka kasa dainawa. Abin ya bazu har ya kama 95 daga cikin ɗalibai 159, tare da kuka da rashin natsuwa, aka rufe makarantar a watan Maris. Da yaran suka koma gida sai ya bi su ƙauyukansu. Likitoci ba su sami wata ƙwayar cuta ko guba ba, kuma bayanin da aka fi karɓa shi ne matsin rai ne ya fito ta wannan hanyar. Babu mai kiran wannan *titter*, ya fi ƙarfin kalmar nesa ba kusa ba.

Zan iya amfani da ita a kan kowa?

A yi hattara. Kalmar tana da ɗan raini a jikinta. Marubutan Turanci sun saba liƙa ta ga 'yanmatan makaranta, da fadawa, da taron da aka faɗi maganar kunya a gabansa. In ka rubuta cewa wani babban mutum ya yi *titter*, ka ƙanƙantar da shi, ka nuna shi a matsayin marar kamewa ko mai iyayi. Wani ɗan barkwancin Ingila, Frankie Howerd, wanda ya mutu a 1992, da wannan ya ci abinci: sai ya saki magana mai harshen damo, ya ɓata fuska, ya gargaɗi masu kallo da salon tsohon Turanci cewa kada wanda ya kuskura ya yi *titter*. Gargaɗin ne ke sa su fashewa.

Don haka in kana ba da labarin shugabanka ko malaminka a Turanci, kuma ba ka nufin suka, ka ce *he laughed nervously*. Ka ajiye *titter* ga taro, inda ba a nuna kowa da yatsa. In kuma daga Turanci kake juyowa ka tarar da *a titter ran round the courtroom*, kada ka ce kotu ta yi yaƙe, kada kuma ka ce ta bushe da dariya. Ka ce aka ji 'yar dariya ƙasa-ƙasa ta zaga kotun, kowa yana ƙunshe tasa.